Ƙarar da ke Kunnen Baba

Kunnena na hagu ya fara ƙara tun bara waccan, wata siririyar ƙara irin ta gyare, ba dare ba rana. Ban gaya wa kowa ba sai jikata da ke karatun likita a jami'a, ita ma don ta dame ni da tambayar abin da ya sa nake karkata kai in ana magana. Ta yi dariya ta ce angon nata ya tsufa, za ta nemi sabo. Na ce ta je, wa zai kwashi mace mai surutu kamar gidan rediyo. Daga nan ta gyara zama ta shiga yi mini karatu, ni da na ƙare rayuwata ina koyar da 'ya'yan mutane.

Ta ce masu bincike sun daɗe suna bin diddigin wannan ƙara a kunnen dabbobi masu shayarwa, ɓeraye da ire-irensu, har da jemage. Wai can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, su ke kai wa ƙwaƙwalwa sauti. In hayaniya ta yi musu yawa, ko tsufa ya zo, sai su mutu, kuma ba sa sake tsirowa. Ƙwaƙwalwa in ta jira ta ji shiru, sai ta ƙara kasa kunne tana nema, har ta riƙa jin ƙarar da babu wanda ya yi ta. Shi kuwa ƙaramin jemagen nan na cikin jinka, wanda muke ce wa birbiri, ta ce da ihu yake gane hanya. Yana ƙwala wani ihu mai tsini da kunnen mutum ba ya kamawa, ihun ya bugi bango ko sauro ya dawo masa. Abin da ya ɗaure wa masanan kai shi ne ihun nan yana da ƙarfi ƙwarai, amma bai kurmanta mai shi ba, domin akwai wata 'yar tsoka a kunnensa da take ɗaurewa daidai lokacin ihun, ta saki in amsa ta taho.

Na ce mata ya isa haka, na ji. Ta ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne, babana na tuna, da maƙerarsa a Madarumfa, da birbirin da ke kwana a jinkarta.

Baba maƙeri ne ɗan maƙeri. Maƙerarmu tana bayan gari ta wajen tafki, rumfa ce mai jinka da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. Gabanin damina manoma su cika ta da fartanya da gatari, da rani masunta su zo neman ƙugiya. Tun da sassafe ake jin masabarsa har bakin ruwa. Mu biyu ne maza a wurinsa, ni da wana, wanda shi ne ɗan fari. A al'adarmu uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya ma yarda a gan shi yana kallonsa, kuma Baba ya riƙe wannan kunya fiye da kowa a garin. In zai kira wana sai ya ce "kai", in zai yi maganarsa sai ya ce "wancan". Amma wana ne ke zaune gabansa yana zuga wuta tun yana ƙarami, kuma in Inna ta aiko da fura, Baba kan kurɓa kaɗan ya ture ƙwaryar gefe, daidai inda hannun wancan zai kai.

Ni ban gaji ƙira ba. Da Annasara suka ce kowane gari ya ba da yara a kai lakwal, wato makarantar boko, manya suka ɓoye nasu, aka tattara mu 'ya'yan maƙera da na marasa baki aka kai Maraɗi. Sai da hutu nake zuwa gida, saboda haka wani abin da idona na gani, wani kuma a bakin Inna na ji.

Lokacin babban yaƙin Annasara aka shiga kamun soja. Dogarai suka riƙa zaga garuruwa suna duba samari, wana kuwa dogo ne, ga kafaɗun mai ɗaga masaba, ba sai an gaya wa kowa ba cewa yana cikin na gaba. Baba ya sa Inna ta ɗaura masa guzuri, ya ce ta gaya wa wancan ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki ya zauna har ƙura ta lafa. Da wana ya zo maƙera ya durƙusa yin sallama, Baba bai ɗaga kai ba, ya ce Allah ya kiyaye, ya ci gaba da bugun laujen da ke hannunsa. Inna ta ce laujen nan bai yi amfani ba, bugunsa ya yi ta yi har ya koma kamar ganye.

Yaƙi ya ƙare, waɗanda suka gudu suka riƙa dawowa ɗai-ɗai, ban da wana. Wani ya ce ya gan shi a wurin haƙar kuza, wani ya ce ya bi aikin jirgin ƙasa ya yi kudu, wani kuma ya kawar da kai ya ce shi bai san komai ba. Cikin waɗannan shekaru ne kunnen Baba na hagu ya fara ƙara.

A wurinmu kowa ya san abin da ƙarar kunne take nufi: wani ne a nesa yake ambatonka. Maganinta kuma sananne ne. Sai ka riƙa kama sunayen mutanenka ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ka faɗa ƙarar ta tsaya, to shi ne. In kuma mai ambaton ya iso gabanka, ita ma sai ta ɗauke, tunda wanda ya zo ba ya bukatar kira daga nesa. Inna ta ce Baba ya zauna a bakin maƙera ya kama sunan ƙannensa da ke Gabi, da gwaggonsa, da abokan cinikinsa na Ɗan Issa, da nawa, har da mutanen da suka yi faɗa tun suna samari. Ƙara ba ta tsaya ba. Suna ɗaya ne ya rage, shi ne kuwa wanda bakinsa ba zai faɗa ba. Ya shigo gida yana murmushi, abin da Inna ta daɗe ba ta gani ba, ya ce mata, "Wancan yana da rai."

Inna ta ce ya faɗi sunan mana a tabbatar, ba kowa a ɗakin sai su biyu. Ya dube ta kamar ta ce ya tuɓe a kasuwa. Bai faɗa ba, ya ce ba sai an faɗa ba, duk sauran sun fita.

Da na zo hutu na tarar da wani Baba daban. Yana cikin bugun ƙarfe sai ya dakata, masaba a sama, ya karkata kai hagu, ƙarfen ya huce a banza. Wani lokaci ya ce "na'am" a hankali. Masu kawo gyara suka fara gajiya da jira suna kai wa maƙerin gabas. Ni lokacin ina ji da 'yan karatuna, na ce masa ai masabar nan ce ta cinye masa kunne, ya zo in kai shi wurin likita a Maraɗi. Ya tambaye ni shekara nawa ya yi yana bugun ƙarfe kunnen bai yi ƙara ba, sai da wancan ya tafi. Ya kuma tambaye ni, in likitan ya yi magani ƙarar ta ɗauke, da me zai san yaron yana numfashi. Haushi ya kama ni, na tashi na bar masa wurin.

Jinkar maƙerarmu cike take da birbiri. Kashinsu yana zuba a kan gawayi, warinsu ya haɗu da na hayaƙi, ni dai ban taɓa sonsu ba, amma Baba ya hana a kore su. Da rana ta yi ja yakan ajiye aiki ya zauna yana kallon yadda suke fitowa ta tsakanin azara da igiyoyin rataye, cikin duhun rumfar, ba wanda ke karo da komai, su nufi tafki neman sauro. Tun da muna yara yakan ce halittar nan ba ido take bi ba, dubi kunnenta. Yanzu da ba ya jin hirar mutane sosai, zaman majalisa ya fita ransa, sai wannan kallon ya zama hirarsa ta yamma. Ya ce wa Inna da zai sami aron kunnen birbiri na yini ɗaya, da ya ji abin da wancan yake faɗa, domin kiran yana iso shi, amma maganar ba ta fita.

Wannan zance ne ya kai shi wurin wani boka, Ba'azne mai addinin gargajiya daga dangin kakata ta wajen Gabi. Ba don a kashe ƙarar ya je ba, don a wasa kunnen ya je, yadda yake wasa wuƙa. Bokan ya ce a kamo birbiri a ƙona, a niƙa da man shanu, a riƙa ɗigawa da gashin kaza. Baba da hannunsa ya kamo ɗaya daga jinkar, shi da ke hana yara jifansu, Inna ta ce har haƙuri ya ba shi. Ba a jima ana ɗigawa ba kunnen ya kumbura, ya yi mugunya, zazzaɓi ya kwantar da shi har aka fid da rai. Da ya tashi, kunnen hagu ya mutu murus, na dama kuwa da ma masaba ta gama da rabinsa. Ƙarar ce kaɗai ba ta mutu ba, sai ma ƙaruwa da ta yi, tunda ba sauran sautin waje da zai danne ta. Baba ya ce magani ya ci, yaron ya matso kusa.

Inna ta rasu da wata bazara, ciwon 'yan kwanaki. Bayan haka yanar ido ta rufe wa Baba gani, ya daina ƙira. Ni na zama mushe, wato malamin lakwal, ina koyarwa a Maraɗi, nakan zo a kan keke ƙarshen mako. Matar maƙwabcinmu ke kai masa tuwo. Kullum a wuri ɗaya nake samunsa, a cikin maƙera, wuta a mace, zugazugi ya bushe ya tsage, shi yana zaune a kan buzu ya jingina da uwar maƙera. In zan yi masa magana sai na kafa baki a kunnensa na dama na ɗaga murya, ya kama kalma ɗaya ya yar da uku. Ba ya gane muryar kowa, ni ma da hannu yake gane ni, ya shafa rigata ta 'yan boko ya ce, "Mushe ne." Nakan zauna kusa da shi har birbiri su fita. Kaɗaici ya yi mini yawa a zaman nan, har nakan ji kishin mutumin da ba ya nan, domin shi ake saurare, ni da na taka keke tun daga Maraɗi ban fi tabarma ba.

Da farkon wata damina, ina gida hutu, wani mutum ya yi sallama a ƙofar maƙera da hantsi. Ya rame, gemunsa ya fara furfura, yatsu biyu na hannun hagunsa babu, yana rataye da jaka ɗaya. Na amsa ina dubansa, sai da ya sunkuya zai shiga rumfar, ya kauce wa azarar nan da ke buge masu tsayi ba tare da ya duba ta ba, sannan na gane wana. Ban san lokacin da na rungume shi ba. Ya ce ya yi kuza, ya yi dako a bakin teku, ya yi jinya, ya aiko saƙo ta hannun fataken goro bai san ko ya iso ba, daga baya kuma kunyar dawowa hannu rabbana ta riƙe shi.

Ya durƙusa gaban Baba ya gaishe shi. Baba bai motsa ba, kansa a karkace hagu. Na kafa baki a kunnensa na ce wancan ya dawo, ga shi gabanka. Sai da na maimaita sannan ya ji. Ya miƙa hannu, ya shafa fuskar wana, ya bi tsagen kumatu da yatsa, ya sauko kafaɗa, ya kama hannun ya tsaya a wurin yatsun da babu. Ya daɗe yana riƙe da shi. Sa'an nan ya saki, ya karkata kai ya saurara.

"Ba shi ba ne," ya ce. "Ga shi can yana kirana."

Na ce ya sake shafa tsagen. Ya ce rabin ƙasar nan irin tsagen ke gare su. Na kira maƙwabta, na kira liman, kowa ya zo ya yi ihu a kunnensa yana rantsuwa. Ya gode musu, ya ce ya san tausayinsa suke ji, sun samo masa wani bawan Allah don ya mutu da sanyin zuciya, amma da wancan ne ya iso, da ƙarar ta ɗauke. Wana ya ba shi labarin ƙwaryar fura da laujen ranar tafiya, ban san ko nawa ya shiga kunnen ba. Baba ya ce Inna ta ba kowa wannan labari a garin. Na fusata har na ɗaga masa murya fiye da yadda kurumta ke bukata. Wana ya kama hannuna ya ce in bari.

Ya zauna damina guda. Ya nome gonarmu da ta zama saura, ya ɗinke zugazugi, ya hura wutar maƙera, masu fartanya suka fara dawowa. Baba yana jin ɗumin wutar da girgizar ƙasa in an buga ƙarfe, ya ce baƙon nan ya iya aiki. Baƙo yake ce masa, kuma yana girmama shi yadda ake girmama baƙo. Yana yi masa hira, yana tsokanarsa, yana tambayarsa ko ya ƙoshi, abubuwan da bai taɓa yi wa ɗansa ba. Har labarin wancan yake ba shi, yadda yake da ƙarfi, yadda ya iya zuga wuta tun bai kai tsawon masaba ba, yadda shi da kansa ya kore shi bai ko dube shi ba. Wana yana zaune yana ji, yana jan zugazugi, hawaye na zuba a gemunsa. Wata rana ya ce mini duk rayuwarsa bai taɓa sanin haka Baba ke sonsa ba, kuma bai taɓa jin maraici irin na wannan zaman ba.

Da aka ɗaure gero aka zuba a rumbu ya ce zai koma. Ya bar mace da yara biyu a kudu, ga shi nan kuma ba a san da zuwansa ba. Na roƙe shi, ya ce zai sake zagayowa in Allah ya yarda. Ya je sallama da safe, na kafa baki na gaya wa Baba baƙo zai tafi kudu. Baba ya sa masa albarka mai tsawo, ya lalubo wata tsohuwar awartaki da ya gada wurin kakana ya danƙa masa.

"In ka haɗu da wancan a can," ya ce, "ka ba shi. Ka ce masa ina jinsa."

Wana ya karɓa da hannu biyu ya ce to.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar sakaliya, ina ɗaure kayana a keke zan koma Maraɗi don an kusa buɗe lakwal. Baba yana cikin maƙera shi kaɗai, wuta ta sake mutuwa. Tun tafiyar wana bai ci abin kirki ba, yana ta shafa wurin da aka ɗinke zugazugin. Ɗinkin gidanmu ne, irin wanda kakana ya koya masa shi kuma ya koya wa mutum ɗaya, ban sani ba ko shi ne ya tsaya masa a rai. Ina tsaye a waje sai na ji ya yi gyaran murya. Bai san ina kusa ba, ba ya kuma jin ƙarfin muryarsa, saboda haka abin da ya ɗauka raɗa ce har bakin hanya an ji shi. Sunan wana ya faɗa. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Birbiri biyu suka firgita suka faɗo daga jinka suka zaga rumfar suka koma.

Ya karkata kai yana jira ƙarar ta tsaya. Ya sake faɗa, ya sake jira. Na shiga na durƙusa na ɗora hannunsa a rigata don ya san ni ne.

"Mushe," ya ce, "ba ta tsaya ba."

Ya juyo da fuskarsa wajena.

"In ba ta tsaya ba, ashe ba shi ke kirana ba." Ya riƙe rigata da ƙarfi. "Baƙon nan, wace hanya ya bi?"

Na kwance kayan na zubar a ƙasa na hau keke. Na isa Ɗan Issa rana tana faɗuwa, na bi rumfunan masu abinci da wurin da motocin gyaɗa ke tsayawa ina tambayar dogon mutum mai yatsu uku a hannun hagu. Wata mai fura ta ce ta gan shi, ya sha fura a wurinta jiya da safe, ya shiga motar Katsina.

Baba ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya. Wana bai zagayo ba, saƙon da na aika kudu kuma ban san inda ya tsaya ba. Ƙarar ba ta bar kunnen Baba ba har ya rasu, sai dai ya daina ce mata na'am. Ya sa aka mayar masa da buzunsa bakin ƙofar maƙera, fuskarsa wajen hanya, duk wanda inuwarsa ta gifta sai ya miƙa hannu ya ce a ba shi hannun hagu ya taɓa.